Inshorar Motar da Ba Ta Shan Mai

Shekara ashirin da bakwai na yi ina tuƙi a gida ɗaya a Kwarbai, cikin birnin Zariya. Ban taɓa buge mutum ba, ban taɓa faɗawa rami da mota ba. Kaza ɗaya na taka a hanyar Soba, ita ma na tsaya na nemi mai ita na biya. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka ganganci na yi aka karɓe mukulli daga hannuna. Takarda ce ta karɓe shi. Abin da ya fi ƙona min rai kuwa, ni na je Kaduna da ƙafata na samo takardar, na dawo ina washe baki.

Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Hausa ina karanta ta, ina rubuta ta, ga shi kuna gani. Turancina kuwa na allon hanya ne da na rasit. Da wannan ɗan karatun marigayi Alhaji, maigidana, ya ɗauke ni aiki ina saurayi, kuma bai taɓa goranta min ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai kunyar kasuwa. Idan ya shiga sayen abu, duk abin da aka faɗa masa sai ya biya. Da ya gane halina sai ya sakar min ciniki gaba ɗaya: ragon layya, siminti, tayar mota, buhun masara, duk ni ne.

Na kuwa iya. Ina ɗaure fuska, in kushe kaya ko da sun burge ni, in taya rabin kuɗi. Mai kaya ya ce albarka, in juya baya in kama tafiya a hankali ina ƙirga taku. Da wuya in kai taku goma ba a kira ni ba. In an sallama kuma ba na ɗaukar kaya sai an yi min gyara. Mahauta da 'yan hatsi na kasuwar birni sun san ni, wasu in sun hango ni sai su fara salati. Tuƙi da ciniki, su ne abu biyu da nake taƙama da su a duniya.

Da Alhaji ya rasu, gida ya rage Hajiya, uwargidansa, da hawan jininta da ciwon gwiwa. Laraba biyu a wata nake kai ta asibiti. Babban ɗansu, wanda muke kira Alhaji ƙarami, shi ya ci gaba da biyana. Yana Abuja a wani babban ofis. Yaron nan ni na riƙa kai shi firamare. Ni na koya masa tuƙi a filin makaranta, da matashin kai a ƙarƙashinsa don ya hango gaba. Da can Baba Direba yake ce min. Tun da ya fara sa kwat ya koma ce min Malam. Kunnena dai ya ji.

Shi ya sayo sabuwar motar, wata biyu kafin babbar sallar bara waccan. Baƙa ce wuluk, tana sheƙi har mutum ya gyara hularsa a jikin ƙofarta. A kan babbar mota aka ɗauko ta, aka sauke a bakin titi don mai ɗaukar ba za ta shiga lungunmu ba. Ba ta shan mai, ba ta da salansa, in ka buɗe gabanta ba inji sai wurin ajiye jaka. Ya ce ta Hajiya ce, da shi in ya zo ƙarshen mako. Tsohuwar motar gida kuwa ya ce in sayar. Na sayar wa wani mutumin Giwa da hannuna, na kuma matse shi har ya ƙara a kan abin da muka sa rai. A riƙe wannan, za a ji amfaninsa.

Ranar da ta iso unguwa ta fito sa albarka kamar yadda aka saba. Liman ya dafa ta ya yi addu'a, Hajiya ta sa aka raba ƙosai da goro sadaka. Maƙwabcinmu mai ɗinkin hula, wanda bakinsa ba ya shiru, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Direba, wai da gaske da wuta take tafiya?"

Na ce, "Da wuta."

Ya ce, "Wace wutar? Wannan tamu da ake kawowa a ɗauke kafin ruwan shayi ya tafasa? To ka shirya turi."

Aka yi dariya. Ba turi na yi ba. Alhaji ƙarami yana da gida a GRA, mai katanga da maigadi da sola a kan rufi, ba kowa a ciki sai in ya zo. Can nake kai ta duk bayan kwana huɗu ko biyar in jona ta, in zauna da maigadi muna hira har ta ƙoshi. Kwananta kuwa a ƙofar gidanmu na Kwarbai, ƙarƙashin rumfar kwanon da marigayi ya kafa, inda motoci huɗu kafin ita suka kwana ba a taɓa cire ko madubi ba. Wa zai cire? Lungu ne da in baƙo ya shigo, kafin ya kai masallaci mutum biyar sun tambaye shi wa yake nema.

Ba zan ɓoye ba, na so motar nan. Ka taɓa ta kaɗan ta zabura, ka ɗaga ƙafa ta lafa. Gwiwar Hajiya ta huta da jijjiga. Aibinta ɗaya, ba ta da murya. Sai ka zo bayan dattijo a lungu bai san da kai ba, ni kuma ba na danna wa dattijo hon. Sai in sauke gilashi in yi sallama in ce a gafarce mu. Na zama direban farko a birnin Zazzau da ke yi wa motarsa sallama.

Sati ɗaya da zuwanta Alhaji ƙarami ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam, maganar inshora. Na duba a intanet, kowane kamfani da nasa farashin, sun rikita ni, ga aiki ya yi min yawa. Ka ɗauki takardun motar ka zaga wuri uku ka kwatanta. Babu wanda ya kai ka ciniki, Baba ma ya sha faɗin haka."

Kaina ya fasu, ba zan yi ƙarya ba.

Inshorar da na sani duk tsawon shekarun nan ita ce wadda ake yanka a gindin darbejiya kusa da ofishin lasin. Ka ba da 'yan kuɗi, a ba ka takarda, ka ninke ta ka sa a akwatin gaban mota don nuna wa masu tare hanya. Sunan Alhaji ne a kanta, ni nake tuƙi, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ban taɓa ganin wanda inshora ta biya ko sisi ba. A wurina takarda takarda ce, bambancin kawai nawa aka saye ta.

Na fara da wani ofis a Sabon Gari. Wani mutum mai laktaye ya karɓe ni, Hausarsa tana ɗingishi. Ya tambayi ko ni wane ne, na ce ni ne direban gida. Ya karɓi lasin ɗina ya duba shekaruna. Ya tambayi inda motar ke kwana, na ce ƙofar gida a Kwarbai. Da get? Na ce babu. Da maigadi? Na ce unguwa ce maigadinta. Ya ɗaga gira, ya danna na'urar lissafi, ya juyo min da ita. Miliyan tara da dubu ɗari biyu.

Na ce, "Na shekara nawa?"

Ya ce, "Ɗaya."

Innalillahi. Kuɗin da zai saya wa mutum fili a bayan Tudun Jukun ya fara aza bulo, a kan takarda! Ya yi ta bayani wai batirin kaɗai ya fi wata motar tsada, wai fitila ɗaya in ta fashe sai an yi odarta daga waje, wai masu gyaran irinta a ƙasar nan ba su da yawa. Duk wannan na ɗauke shi kirarin mai kaya. Na taya miliyan huɗu. Ya kalle ni kamar na zage shi. Na tattara takarduna na juya ina ƙirga taku. Goma. Sha biyar. Na kai ƙofa na tsaya ina gyara takalmi. Da na waiwaya, mutumin nan har ya koma kan wayarsa. Tunda nake ba a taɓa yi min haka ba.

A hanyar gida na yi lissafina. Na ce kuskurena ɗaya ne, na ce masa ni direba ne. Kowa ya san ba a rage wa ɗan aike. Mai kaya in ya gane ba kuɗinka ba ne, sai ya tsaya a kan bakansa. Washegari na sa babbar rigata ta sallah da hula mai kyau na hau motar haya zuwa Kaduna.

Wuri na biyu na masu tsarin Musulunci ne, inda suka ce kuɗin jama'a ake tarawa a tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa. Wata mata ce a teburin, sa'ar babbar 'yata, da tabarau da hijabi mai ruwan toka. Ita ma na so in ɓoye mata, amma tambayarta ta farko ita ce wa ke tuƙa motar kullum, ta kuma kafe ni da ido. Na kasa. Na ce ni ne. Ta rubuta. Ta tambayi makwancin mota, na faɗa. Ta ce miliyan takwas, ta ɗauki biro ta bi min layi-layi da Hausa tsantsa: haɗari, gobara, sata, ruwa, direban gida da sunansa, kwana a Kwarbai.

Na ce, "'Yata, biyar."

Ta yi murmushi ta ce, "Baba, nan ba a taya."

Na ce, "Babu inda ba a taya. Har sadaki ana tayawa."

Ta ce, "To bari in gaya maka gaskiya. Zan iya saukar maka da kuɗin nan, amma duk naira da na cire sai na cire wani abu daga cikin takardar. Ba buhun masara ba ne da za a rage kuɗi mudu ya zauna yadda yake. In wani ya rage maka da yawa, ka tambaye shi me ya fitar."

Na ce a raina, ka ji dabara. Wannan ta fi mai laktaye iya baki. Na gode mata na fita. Har yau in na tuna fuskar yarinyar nan sai in ji kamar in mari kaina. Ta gaya min, da yaren da na sha a nono, ban ji ba.

Wuri na uku bene ne mai sanyin iya kwandishan. Wani matashi mai gyararren gemu da ƙamshin turare ya taso ya tare ni tun daga ƙofa. "Alhaji, barka da zuwa! Alhaji, ga kujera. A kawo wa Alhaji ruwa." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na ce motar ɗana ce, ya aiko ni in duba masa. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin, yaron da na goya a kujerar baya shekara da shekaru.

Ya fara da takwas da rabi. Na ɗaure fuska na tashi tsaye. Ko taku uku ban yi ba ya ce, "Haba Alhaji, zauna mana, ai ba a haka. Za mu duba." Na ce a raina, yauwa, yanzu na zo kasuwa.

Ya juya kwamfuta ya ce, "Ruwa yana cin unguwarku da damina?"

Na ce, "Kakanninmu ba su gina birni a fadama ba."

Ya danna. Kuɗi ya sauka. Na ce bai yi ba.

Ya ce, "Mai motar yana da gida mai katanga da get da maigadi?"

Na ce, "Yana da shi a GRA. Har da sola."

"To sai mu sa adireshin can."

Na ce, "Sa mana, gidansa ne."

Ya danna. Kuɗi ya sake sauka, ya koma shida da ɗari bakwai. Na ɗauki hulata na ce a Zariya an yi min ƙasa da haka. Wannan kam ƙarya ce, amma ƙaryar ciniki ce, kowa yana yi.

Ya shafa gemu ya ce, "Shi mai motar ya iya tuƙi sosai? Lasin ɗinsa ba matsala?"

Na ce, "Ni na koya masa da hannuna."

"Madalla. To sai mu rubuta shi a matsayin mai tuƙa ta."

Na ce, "Rubuta. Da wa za ka rubuta? Motarsa ce."

Ya danna. Miliyan biyar da rabi. Na ce ya sallama? Ya ce ya sallama, Alhaji ya fi ƙarfinsa. Muka tafa. Na ce saura gyara. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya shiga ciki ya fito min da laima babba, shuɗiya, da sunan kamfaninsu a jiki.

To a nan nake so a yi min adalci. Na san na ɓoye cewa ni direba ne, wannan laifina ne, na ɗauka. Amma shi da ya ga tsoho da furfura a gemu yana amsa masa yana murna, me ya hana shi buɗe baki ya ce, Alhaji, ka san fa in na rubuta haka, ba wanda zai taɓa sitiyarin nan sai shi, motar kuma ba za ta kwana ko'ina ba sai can? Magana ce ta numfashi ɗaya. Bai faɗa ba. Ruwan sanyi ya ba ni da laima.

Tun a tashar mota na kira Alhaji ƙarami na jera masa: tara da ɗari biyu, takwas, biyar da rabi. Ya ce, "Kai, Malam! Ka ga abin da nake faɗa?" Kafin in iso Zariya ya tura musu kuɗi. Suka aika masa takarda shafi goma sha wani abu da ƙananan rubutun Turanci. Shi mai digiri biyu bai karanta ba. Ni mai aji biyu na ninke tawa na sa a akwatin gaban mota, inda takarda ke zama.

Sati biyar ina tuƙi lafiya. Sai ana saura kwana shida sallah, da hantsi, ragon mai ɗinkin hula ya tsinke igiya. Ƙaton rago ne, ya sha dusa wata huɗu. Ya zo wucewa ta rumfarmu ya hango wani rago a jikin ƙofar mota yana hararar sa. Ya ja da baya ya kai masa karo. Na cikin ƙofar ma ya kawo masa. Kafin in fito daga zaure da gudu ya yi uku. Ƙofar baya ta lotsa, fenti ya tsage, wani ɗan ido na kyamara da ke gefe ya fashe, allon cikin motar ya kama ƙyafta jan rubutu.

Mai hula ya zo yana cewa a yanka ragon, a sayar da keken ɗinkinsa. Ni da bakina na ce masa, "Kwantar da hankalinka, maƙwabci. Motar nan tana da inshorar miliyan biyar da rabi. Yau za mu ga aikinta."

Bayan sallah kamfanin ya turo mai duba ɓarna, wani siriri da jaka a kafaɗa. Ya ɗauki hoton ƙofa, ya ɗauki hoton rumfa, ya tambayi ko nan take kwana. Na ce kullum. Ya ce wa ke tuƙa ta? Na bugi ƙirji na ce ni, shekara ashirin da bakwai ba haɗari. Ya rubuta, ya sa na sa hannu, ya yi min godiya sosai. Kwana tara bayan haka suka rubuto wa Alhaji ƙarami cewa ba za su biya ko kwabo ba. An saɓa sharaɗi biyu.

Ranar Asabar ya zo. Bayan la'asar ya kira ni zaure, takardar tana hannunsa, wannan karon ya ja layi a ƙarƙashin wasu wurare da jan biro.

Ya ce, "Malam, me ka gaya wa mutanen nan a Kaduna?"

Na ce, "Abin da suka tambaye ni."

"Ka ce a GRA take kwana?"

"Na ce kana da gida a GRA. Ba ka da shi?"

"Ka ce ni kaɗai nake tuƙa ta?"

"Na ce ka iya tuƙi. Ko ban koya maka ba?"

Ya dafe kai ya ce, "Sati biyar kana yawo da Hajiya a motar da ba ta da inshora! Da wani abu ya faru a titi fa? Ka san nawa za a gyara ƙofar nan?"

Na ce, "Kai da aka aika wa takardar, ka san Turanci, me ya hana ka karantawa?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ninke takardar. Can ya ce ya yi magana da kamfanin, in ana so a sa sunana a kuma mayar da makwancinta Kwarbai, sai an ƙara kuɗin da zai haura na mai laktaye, tunda yanzu sun san unguwar da raguna. Ga kuɗin gyara daga aljihunsa. Ya ce abin ya yi yawa a shekara ɗaya.

Hajiya tana jin mu daga soro na biyu. Ta ɗaga labule, tana dogara sanda, ta ce, "Kai, ubanka bai taɓa ɗora mutumin nan a kan sikeli ba. In kuɗi ne ka biya."

Ya ce, "Hajiya, ba a fahimce ni ba ne. Na wucin gadi ne. In shekara ta zagayo za a sabunta, sai a sa shi. Albashinsa ba zai tsaya ba."

Ya miƙo hannu. Na ɗauka gaisawa za mu yi a rufe magana. Mukulli yake nufi. Na ciro shi daga aljihu na ba shi. Shi ya ja motar da kansa ya fita da ita daga lungu, ya danna wa liman hon a kwana.

Da tsohuwar motar tana nan da ban damu ba. Amma na gaya muku inda take, tana Giwa tana ɗaukar buhunan barkono, ni na sayar, da riba. Rumfar marigayi ta zama wurin shanya da wurin kwanan awaki. Albashi kuwa bai tsaya ba, gaskiya ne, duk ƙarshen wata waya tana ƙara. Ana biyana kuɗin tuƙi ina zaune a dakali. Mutanen unguwa da suka saba buga min ƙofa in mace na naƙuda ko tsoho ya faɗi, suka daina. Mai hula ya daina tsokanata gaba ɗaya, in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai, wannan ya fi min tsokanar ciwo.

Na ƙirga watannin nan ɗaya bayan ɗaya. Da lokaci ya matso na koma Kaduna da kuɗin motata, ba wanda ya aike ni, na je wurin mai tabarau. Ta gane ni. Ban ɓoye mata komai ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba, Allah ya yi mata albarka. Ta buga min sabon farashi da sunana a ciki da Kwarbai a ciki, ya ɗan haura na bara. Ban taya ba. Na sa aka ɗauki hotonsa aka tura wa Alhaji ƙarami.

Kwana uku bai ce komai ba. Ran na huɗu na kira shi.

Ya ce, "Af, Malam, na gani. Ai na riga na sabunta waccan tun makon jiya. Na sa an zaga ko'ina a Abuja, wallahi babu wanda ya iya samo farashin da ka samo. Bambancin kusan miliyan uku ne fa. Bari mu ga baɗi."

Yabona yake yi. Har ga Allah yabona yake yi, da muryar fara'a. Na sauke waya daga kunne. Tara da takwas da biyar da rabi na jera masa a tashar mota ina jin kaina gwani, ashe tsakanin takwas da biyar da rabi ni ne a ciki, da kwanan mota a ƙofar gidan ubansa, da ruwan da ba ya cin unguwarmu. Ni na nuna masa nawa zai ajiye in ya ajiye ni. Ba don na je ba, da bai taɓa sani ba.

Motar tana can GRA a bayan get, an rufe ta da tamfol. Sau ɗaya a wata, in ya zo, ya zaga da ita gari ya mayar. Hajiyar da aka ce an saya dominta, rabonta da shiga tun kafin waccan sallar.

Larabar da ta wuce ranar asibiti ce, aka tashi da yayyafi. Na riƙo Hajiya a hankali har bakin titi, tana taku tana hutawa, na buɗe mata shuɗiyar laimar nan, don ita kaɗai ce babba a gidan. Na tare mai keke mai ƙafa uku. Na san abin da ke jirana: in ɗosana a gefensa a gaba, yana faɗawa kowane rami, gwiwar Hajiya tana amsawa, ƙafata ta dama tana taka birkin da babu shi. Na ce masa asibiti, mu biyu, ba ɗaukar kowa a hanya. Ya faɗi kuɗinsa. Ya tsuga, na san ya tsuga, ya ga tsohuwa da ruwan sama. Na ɗaure fuska, har na buɗe baki.

Hajiya ta taɓa min hannu ta ce, "Direba, don Allah. Ba shi abin da ya ce."

Na ba shi. Na naɗe laima muka hau.